Daminar da Na Ɓoye Takardun Gida

Ruwan bana ya makara. Sati uku ke nan hadari yana haɗowa daga gabas da la'asar, ya yi baƙi kamar zai zubo, sai iska ta kwashe shi ta wuce da shi. Jiya da safe na ga maƙwabcinmu ya fito da sungumi da ƙwaryar iri, ya ce ya gaji da jira, binne zai je ya yi. Ina jin ya ce binne sai na tuna baya. Rabona da zuba iri a busasshiyar ƙasa tun shekarar da aka tsare ƙanena Sale, yau shekara goma ko fiye.

Mu biyu Inna ta haifa, ni ce babba, shi ya sa ake ce mini Adda. A lokacin ina koyarwa a wata firamare a nan Azare, shekara biyu da rasuwar maigidana Malam Usman, ina riƙe da marayu huɗu. Sale kuwa riɗi da wake yake saya a kasuwannin Gamawa da Dambam, ya tara wa manyan 'yan kasuwa. Shi ke noma gonar da mahaifinmu ya bari a hanyar Gamawa, kuma daga wannan gona gidansa da nawa muke ci. Inna tana zaune a wajensa, tare da matarsa Adama.

Akwai wani Alhaji da Sale ke saya wa riɗi. Da farko kuɗin kaya yake turo masa ta banki. Daga baya sai ya riƙa turo wasu, ya bugo waya ya ce a tura wa wane, a cire wa wane. Sale bai taɓa tambaya ba. Ashe dukiyar gwamnati ce wani babban ma'aikaci ya kwashe, ake bi da ita ta hannun ƙananan mutane don a ɓatar da sawunta. Saura sati guda a fara azumi wasu jami'ai suka zo kasuwa suka tafi da Sale Bauchi, ko buhunan da yake ɗinkewa ba a bari ya ƙarasa ba. A takardar tuhuma aka rubuta cewa ya taimaka wajen halatta kuɗin haram.

Barista Garba, wanda suka yi makaranta da Malam, shi ya karɓi maganar. Ranar uku ga azumi ya zo gidan Sale da hantsi, muka shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya.

"Alƙali ya ba da beli," in ji shi. "A wajen doka Sale ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar, saboda haka haƙƙinsa ne ya zauna a gida yana zuwa kotu. Sai dai an sa sharaɗi. Ana son wanda zai tsaya masa ya kasance yana da gida a cikin jihar nan, mai takardar mallaka ta gwamnati."

Inna ta ce, "Ga gidan nan da muke ciki."

"Wannan takardar mai unguwa gare shi, Inna. Ba za su karɓa ba."

Ta tambaye shi Alhajin fa. Ya ce ai shi kwana huɗu ya yi ya fito, masu tsaya masa har sun yi yawa.

Daga nan kowa ya juyo yana kallona. A duk danginmu gida ɗaya ne mai irin wannan takarda, shi ne wanda Malam ya bar wa 'ya'yana. Shekara uku ya yi yana sintiri kafin ta fito. Na ce zan duba.

Ban sha wahalar nema ba. Takardun suna ƙasan adakar Malam, a naɗe cikin leda, inda na ajiye su da hannuna. Na fito da su da niyyar kai wa Barista washegari. To, a makaranta sai wata malama ta ba ni labarin wani mutumin garinsu da ya tsaya wa abokinsa, abokin ya tsallaka iyaka, aka bar shi da kotu har gidansa ya salwanta. Ban san ko gaskiya ba ne, ban kuma bincika ba. Ina tafe gida cikin rana sai wasu abubuwa suka riƙa dawo mini: sabon babur ɗin da Sale ya saya, kwanon da ya sake wa ɗakin Adama, yadda yake tashi ya koma zaure idan an kira shi a waya. Kafin in isa gida zuciyata ta gama ce mini wataƙila ya san abin da yake yi, kuma wanda ya san abin da ya yi, in ya fito zai iya gudu. Na mayar da takardun ƙasan adaka, na jera littattafan Malam a kai.

Da Barista ya bugo na ce ban gan su ba, ƙila sun bi kayan da aka raba bayan rasuwa. Da azumi a bakina na faɗa.

Ban taɓa yin azumi mai zafin na wannan shekara ba. Yanzu watan ya ja baya, yana zuwa kafin bazara ta kankama, yaran yanzu ba su san wancan ba. Rana tana fitowa da zafinta, kafin azahar ƙasar tsakar gida ba ta takuwa sai da takalmi. Ruwan randa ma ɗumi yake yi. Wuta ba ta zuwa, ƙanƙara sai mai hali. Mukan jiƙa zane mu lulluɓa, kafin a jima ya bushe ƙayau. In an sha ruwa, kunun tsamiya kawai ciki ke karɓa, ƙosan ma sai an tura.

Ga shi lokacin shuka ya yi, babu ruwa, babu mai gona. Ni da Adama muka yanke shawarar yin binne, ita da cikinta wata bakwai. Muna idar da sallar asuba za mu hau keke napep zuwa bakin hanya, mu ƙarasa da ƙafa. Ni ke saran rami, ita tana bi tana zuba gero tana rufewa da diddige. Ƙasar ta bushe har sungumi yana ƙara in ya sauka. Kafin hantsi leɓe ya tsage, yawu ya kafe, sai mu zauna a inuwar wata aduwa mu yi shiru, don magana ma ƙishi take ƙarawa. Kwana shida muka yi. Sai aka yi wani ɗan yayyafi da bai kai ya jiƙa ƙasa ba, ya dai ruɗi irin ya tsiro, rana ta bi ta ƙone shi. Ranar da muka je muka tarar da tsiron ya kwanta fari fat, Adama ta durƙusa a kan kunya ta yi kuka. Ni ban yi ba. Na ce mu sake.

A tsakiyar watan na je ganin Sale. Mota ta bi da mu ta Misau da Darazo, na riƙe dabino da ƙuli-ƙuli da garin kunu da yajin da Inna ta daka. Da aka fito da shi sai da na sake dubawa. Ƙurajen zafi sun feso masa a wuya da hannu, ya ce a ɗakinsu sai wasu sun tashi zaune wasu ke samun wurin kwanciya. Bai yi ƙorafi mai yawa ba, gona ya fi tambaya.

"Kun sa wake a gefen kwarin nan?"

"Ba mu kai can ba tukuna."

"Ku bari sai ruwa ya zauna." Sannan ya ce, "Adda, Barista ya gaya mini batun takardu. Kada ki sa wa ranki damuwa, abin da ya ɓata ya ɓata. Ni yanzu ba ma belin ne ya dame ni ba. A fara shari'ar kawai, a tambaye ni in yi bayani. Tun da na zo babu wanda ya tambaye ni komai a gaban alƙali."

Na ce Allah zai kawo mafita. Har muka iso Azare ban iya haɗa ido da kowa a motar ba.

Ba a fara shari'ar ba. Zaman farko lauyan gwamnati bai zo ba. Na biyu aka ce motar da za ta kawo su daga gidan yari ba ta da mai. Barista ya shigar da roƙon a sassauta sharaɗin belin, aka sa rana, ranar ta zo aka ce alƙali ya tafi taro. Duk ɗagawa sati uku ce ko wata guda. Barista yakan ce doka ta ce a yi wa mutum shari'a cikin lokacin da ya dace, Inna kuwa ta tambaye shi wane ne ke auna lokacin.

Ruwan kirki bai sauka ba sai ana saura kwana biyar Sallah. Da azahar ya zo, da iska da ƙanƙara, ƙamshin ƙasa ya cika gari, mutane suka fito suna tsayawa a cikinsa da azuminsu. Washegari kowa ya yi gona. Malam Buba, Bafulatanin da shanunsa ke kwana a gonarmu da rani, ya zo da garmar shanu ya yi mana huɗa, ya ƙi karɓar komai, ya ce Sale bai taɓa hana shi kara ba. Abokan Sale na kasuwa suka yi mana gayya a noman fari, mu kuma muka dama musu fura muka kai. Sauran aikin ni na ɗauka. In an tashi daga makaranta ban biya gida ba, sai gona. Hannuna ya yi kanta, bayana ya riƙe, na rame har zanena yana kwancewa.

Sai mutane suka fara yabona. A gidan suna, a bakin famfo, ana cewa a samu 'yar'uwa irin Malama Halima. Duk wanda ya faɗa sai in ji kamar ya watsa mini ruwan zafi. Ni na san abin da nake biya da wannan noma, na kuma san bai isa ba.

Da marka ta kama, hatsin bara ya ƙare a gidajen biyu. Kwana huɗu ana ruwa ba a ga rana ba, itace ya jiƙe, hayaƙi ya hana mu buɗe ido a madafa, katangar gidan Sale ta bayan gida ta zube. Muka haɗa tukunya ɗaya. Da rana kwaɗon tafasa ko na rama da ɗan ƙuli, da yamma tuwo in an samu, in ba a samu ba a dama kunu a ƙara masa ruwa. A cikin wannan ruwan Adama ta haihu, mace. Aka aika wa Sale ta bakin Barista, ya aiko da sunan da za a raɗa. Ina tsakar gida ina kwashe ɗan tuwon suna na ji liman ya faɗa daga zaure: Halimatu. Mata suka yi guɗa, suna cewa an yi wa Adda takwara, ta kuwa cancanta. Aka miƙo mini jaririyar. Na karɓe ta na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunya ce.

Inna ce kaɗai ba ta taɓa yabona ba. Bayan suna da kwana biyu zazzaɓi ya kwantar da ita. Ina shafa mata man zafi a ƙafa sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Halima, kin duba adakar Malam?"

"Na duba, Inna."

"Har ƙasa?"

"Har ƙasa."

Ta janye ƙafarta. Can ta ce, "To, Allah ya bayyana su." Ta juya fuskarta bango.

Jikin ya ƙi daɗi, muka kai ta asibiti. Ta daina cin abinci, in ta farka sai ta tambaya ko autanta ya iso. Rana ta uku na bar Adama a wajenta, na zo gida na kwashe littattafan Malam, na ɗauko ledar na tafi ofishin Barista. Na ce a cikin wani littafi na tsince su. Ya juya su, ya dube ni ta saman tabarau, bai tambaye ni komai ba.

"Malama, kotu ta tafi dogon hutu," in ji shi. "Akwai alƙalin da ke zama a lokacin hutu, zan gwada. Amma sai an aika ofishin filaye sun tabbatar da takardun, sai an zo an ga gidan, sai an ɗauki hotonki. Da a watan azumi ne, da sati biyu ya isa."

Na yi sintirin da ban taɓa yi ba. Bauchi sau biyar, ofishin filaye ban san adadi ba. Wanda zai sa hannu ya yi tafiya, wanda zai zo ganin gida yana jiran mota. Gero ya yi ciki, ya fitar da kai, ya fara ɗaukar ido. Ranar da na gasa tumun farko na kai wa Inna asibiti, ta riƙe shi a hannu ta shinshina, ba ta ci ba. Kwana biyu bayan nan ta rasu, da hantsi, ina riƙe da kanta. Maƙwabta da abokan kasuwa suka kai ta. Ɗanta namiji ɗaya tak, yana Bauchi yana jiran sa hannu.

Sale ya fito bayan an gama yankan gero. Daga tasha bai biyo gida ba, sai da ya sa ɗan acaɓa ya kai shi maƙabarta. Da ya shigo gida ya ɗauki 'yarsa, ya zauna a ƙofar ɗakin Inna har la'asar.

Gonar ta yi kyau a shekarar, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ranar da muka je roron wake, Adama ta koma inuwa ba wa yarinya nono, ya rage ni da shi a kunya ɗaya. Rana ta yi sanyi, kwanson wake yana fashewa da kansa. Na ce masa ina da magana. Ban ɗago ba na faɗa masa duka, tun daga ranar uku ga azumi.

Bai daina tsinka ba. Ya ce, "Na sani, Adda. Ranar da aka kai ni sa hannu na ga takardun a kan tebur. Takardar da ta ɓata wata uku ba ta zama haka, a naɗe tsaf cikin ledarta."

"Me ya sa ba ka ce komai ba?"

"Gidan marayu ne. Ko ni ne sai na yi tunani sau biyu." Ya zuba waken hannunsa a buhu, sannan ya miƙe ya dube ni. "Abu ɗaya nake so ki gaya mini. Tsoron gidan ne ya hana ki, ko kuwa kin ɗauka na aikata, zan gudu?"

Da na so, da na ce tsoron gida ne, ya kuma yarda. Amma na gaji da ƙarya. Na ce, "Duka biyun."

Ya kalli wajen da Adama take zaune. Sannan ya ce, "Na farkon na yafe tun ina ciki. Na biyun ki ba ni lokaci." Ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa.

Shari'ar ta ɗauki shekara huɗu. An canja alƙali sau biyu, kowane ya zo sai a koma farko. Manyan da ke cikin maganar lauyoyinsu suna ta kawo dalilan ɗagawa, Sale kuwa dole ya je duk ranar da aka sa, ko da shuka ake ko girbi. Babur ɗin ya tafi a kuɗin mota, masu ba shi sayen riɗi suka janye. Sau da yawa zai je ya wuni a kan benci, a kira sunansa, a faɗi wata rana, shi ke nan. Bai taɓa fashi ba ko sau ɗaya. Kuma duk ranar da ya dawo, kafin ya je gidansa sai ya biyo ta nawa. Ba ya shigowa. Zai tsaya a zaure ya yi sallama, in na fito ya ce, "Adda, na dawo. Gidanki yana nan." Ya juya ya tafi.

Ban san ko don ya kwantar mini da hankali yake yi ba, ko don in ji. Ina jin shi ma bai sani ba.

Ranar da aka sallame shi, alƙali ya ce babu hujjar cewa ya san asalin kuɗin. Maganar da ta cinye shekara huɗu, Barista ya ce karanta ta bai kai rabin awa ba. Sale ya iso Azare da la'asar, ya yi sallama a zaure kamar kullum. Na fito. Ya miƙo mini ledar takardun, ya ce in duba ko sun cika. Na ce ba sai na duba ba. Ya ce in dai duba. Na buɗe a gabansa na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye.

"Sun cika," na ce.

"To, madalla." A ranar ya shigo, ya zauna a tabarma, ya ce in akwai ruwan sanyi a ba shi.

Yanzu lafiya muke zaune. Tare muke noma, tare muke raba amfani, takwarata a gidana take yin hutunta, komai nata sai Adda. In wani abu ya same ni Sale ne farkon zuwa. Amma lokacin nan da ya ce in ba shi, har yau bai ce mini ya cika ba. Ni kuma ban tambaya ba.